Ranar da Na Ce Ba Laifi

Kalma biyu ne suka kusa raba ni da hatimina na injiniya, kuma da bakina na faɗe su, ba wanda ya shaƙe ni. Na fi shekara goma ina duba gine-gine a ƙasar Turawan nan da muke zaman baƙunta, ban taɓa sa hannu a kan abin da ban auna ba, sai ga ni wata ranar Talata na tsaya a falon wata tsohuwa na buɗe baki na ce, "Ba laifi." Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ga yadda aka yi. Hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi tana da jerin injiniyoyin da take kira idan mai gida ya kai ƙarar wanda ya yi masa aiki. Ma'aikatanta sun san doka, amma ba su san ko katako zai ɗauki bene ko ba zai ɗauka ba, don haka sai su tura irinmu mu je mu duba mu rubuta abin da muka gani. Abokan aikina da yawa ba sa yarda a sa sunansu a jerin, suna tsoron kada ɗan kwangila ya juyo ya maka su a kotu wai sun ɓata masa suna. Ni abin da ya sa na yarda, takardar da aka ba ni na karanta ce. Abin da na fahimta a cikinta, muddin mutum ya faɗi abin da ya gani da zuciya ɗaya, doka ta tsaya masa, ba mai kai shi ƙara a kan rahotonsa, kuma lauyan hukuma ne zai tsaya a gabansa. Amma in aka kama shi da baki biyu, kariyar ta faɗi, shi da mai ƙara su ƙarata, hatiminsa ma sai an sake duba ko ya cancanci riƙe shi. Da na zo wajen sharaɗin nan dariya na yi. Ni da tun a gidanmu a Zariya ake cewa bakina ba linzami, wa zai kama ni da baki biyu?

Gidan da aka tura ni na wata tsohuwar malamar makaranta ne, baƙar fata 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Ta so a cire bangon da ke tsakanin kicin da falo don ta riƙa hango jikokinta in sun zo. Aka cire mata shi tas, aka yi fenti mai kyau. Bayan 'yan watanni ƙofofin sama suka daina rufuwa. Da na isa ba ta yi mini dogon bayani ba, ta hau da ni ɗakin kwananta, ta ajiye lemo a ƙasa kusa da bango. Lemon nan ya gangara shi kaɗai har tsakiyar ɗaki ya tsaya. Ta dube ni ta ce ita dai a gaya mata gaskiya, za ta iya kwana a nan ko ba za ta iya ba.

Na sauko na buɗe silin na leƙa da tocila. Innalillahi! Bangon da aka cire shi ne ke ɗauke da benen gaba ɗaya. A madadinsa an gitta katako biyu da aka haɗa da ƙusa, waɗanda ko rabin nauyin ba za su ɗauka ba, kuma ƙarshensu ɗaya yana zaune ne a kan allon daɓe kawai, babu ginshiƙi a ƙarƙashinsa da zai kai nauyin ƙasa. Na auna, na ɗauki hoto, na sake aunawa don kada in zalunci kowa. Na ce wa matar ta sauko da katifarta ƙasa, ta kwana a ɗakin baya har a tokare wurin.

Ina naɗe tef ɗina na awo na ji mota ta tsaya, na ji sallama da Hausa. Nan take na gane muryar. A takardun hukuma sunan kamfani kawai na gani, ban san na Baba ba ne. Baba wani dattijo ne mutumin Kano, yana cikin Hausawan farko da suka zauna a yankin nan, ya yi tuƙin tasi, ya yi kafinta, daga baya ya buɗe kamfaninsa. Ba mu haɗa jini ba. Amma lokacin da na haifi 'yata ta fari a wani ɗan ɗaki a Silver Spring, ba uwa ba ƙanwar uwa a kusa, matarsa Hajiya ce ta riƙa hawo bas kullum da safe tana zuwa ta dafa ruwa ta yi mini wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, har na yi arba'in. Matar nan ta ga tsiraicina, ta goya 'yata. Mijinta kuwa tun daga lokacin Baba nake ce masa.

Na rusuna na gaishe shi, tef a hannu, ƙurar silin a ɗankwalina. Ya amsa da fara'a, ya tambayi maigidana da yara. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ramin da na buɗe a silin, ya dube ni.

"To, 'yata, yaya kika ga aikin?"

Me zan ce? Mutum ya haife ni a shekaru, ga baƙuwar ido tsaye tana kallonmu. A inda na tashi, yarinya ba ta duban sa'an ubanta ta ce masa aikinsa banza ne. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba, ba laifi."

Ya ce, "Ke dai ki rufa mini asiri."

Na ɗauki jakata na fita. A cikin mota na kira hukuma na gaya musu na san mutumin nan, in suna so su ba wani aikin. Suka tambaya ko ɗan'uwana ne ko mun taɓa yin harka tare, na ce a'a, suka ce in ci gaba. Na koma ofis na rubuta rahotona kamar yadda na saba. Na ce bangon da aka cire mai ɗaukar nauyi ne, abin da aka sa a madadinsa bai isa ba, benen yana iya ruftowa, kuma ba a nemi injiniya ba kafin a fasa. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Na buga hatimi na tura.

Ba a yi sati biyu ba sai ga dattawa uku a falonmu ranar Lahadi bayan la'asar. Na kawo musu shayi da dabino. Aka yi ta kewaye-kewaye, zaman baƙunta, haƙuri da juna, mu 'yan kaɗan ne a ƙasar mutane. Daga ƙarshe babbansu, wani likita mai ritaya, ya ce abin da ya kawo su: in rubuta wa hukuma in ce na yi kuskure a awo, su kuma za su sa Baba ya je ya gyara a asirce.

Na ce, "Kawu, ban yi kuskure ba, sau biyu na auna."

Ya ce, "Mun sani. Amma saboda bare za ki tona asirin naku?"

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Kawu, kai likita ne. Da ɗan garinku ya bar almakashi a cikin wata mata, za ka rubuta cewa ba ka gani ba don ita ba Bahaushiya ba ce? Tsohuwar nan a ƙarƙashin katakon take shan shayinta. In ya faɗo ba zai tambaye ta yarenta ba. Wallahi ko ubana ne ya yi aikin nan, abin da na rubuta shi zan rubuta."

Maigidana yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na janye ƙafata. Suka tashi ba su shanye shayin ba. Da ya rako su ya dawo, ya ce gaskiyata ce, amma da na rage murya. Na ce masa muryar tawa kenan, da ita ya aure ni.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Wasiƙa ta zo daga lauyan Baba, kofe ɗaya gare ni, ɗaya ga hukuma. Wai a ranar da na duba gidan na shaida wa wanda yake karewa da bakina cewa babu wani aibi a aikin, sannan na koma na rubuta akasin haka. Wai wannan ya nuna ban yi aikin da zuciya ɗaya ba, don haka a cire mini kariyar doka su samu damar kai ni ƙara, a kuma binciki hatimina. Ashe wayar Baba tana aljihunsa tana naɗar magana. Sun haɗo da muryata, sun haɗo da fassara a rubuce. An ɗauki "ba laifi" an mayar da shi Turanci kalma bayan kalma, ya zama wai na ce babu kuskure ko ɗaya.

Na karanta wasiƙar a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Hatimin nan shekaru na yi ina nemansa, na yi karatun jarrabawarsa a cikin jirgin ƙasa ina ɗauke da ciki, da shi nake ci da kaina. Amma fushina ya fi tsoron yawa. Na yi wa mutum kara a gaban baƙuwa, shi kuma ya naɗe karar ya kai wa lauya!

Lauyar hukuma, wata Baturiya mai magana a hankali, ta kira ni ofishinta. Ta kunna muryar. Na ji kaina ina cewa, "To, Baba, ba laifi," sai ƙit, aka yanke.

Ta ce, "Muryarki ce?"

Na ce, "Tawa ce."

"Fassarar daidai ce?"

Na ce, "Kalmomin daidai ne, ma'anar ƙarya ce."

Ta ajiye biro ta ce in yi mata bayani, don in ta kasa gamsar da mai sauraron ƙarar, hannunta a ɗaure yake, ba za ta iya tsaya mini ba. Na ce mata a wurinmu in abu ya yi kyau, cewa ake ya yi kyau, ko a ce madalla, ko a sa albarka. "Ba laifi" abin da ake faɗa ne in abu bai kai ba kuma ba a son a kunyata mai shi, musamman in aka ja "to" a gabansa kamar yadda na ja. Na ce in na yi miya maigidana ya ɗanɗana ya ce ba laifi, ranar sai dai ya nemi abincinsa a waje. Ta yi murmushi, ta ce ta yarda da ni, amma labarin miya ba hujja ba ce. Ana buƙatar abin da zai nuna shi ma Baba haka ya fahimta.

A hanyar komawa gida abin ya faɗo mini. Me ya sa aka yanke muryar daidai nan? Ai ba ni na yi maganar ƙarshe ba. Na tsaya a gefen titi na kira ta, na ce ta nemi a kawo naɗin gaba ɗayansa, daga sallama har fitata, kada ta yarda da guntu.

Kafin ranar zaman, Hajiya ta kira ni sau ɗaya. Ba ta roƙe ni komai ba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi 'yar da ta goya ko har yanzu tana ƙin kuka. Ni ma ban ɗauko maganar ba. Da muka ajiye waya na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito na ci gaba da jera hotunan silin.

Ɗakin da aka yi zaman ƙarami ne, tebur ɗaya dogo. Mai sauraron ƙarar yana kai, Baba da lauyansa a gefe, ni da lauyar hukuma a ɗaya gefen. An ɗauko tafinta, wani dattijo mutumin Nijar da ya daɗe yana aikin rediyo, wanda duk muka sani a masallaci. Tsohuwar mai gidan tana baya da jakarta a cinya. Da na shiga na rusuna na gaida Baba kamar kullum. Ya amsa bai dube ni ba.

Lauyan Baba ya miƙe ya kunna guntun muryar, ya sa tafinta ya fassara kalmomin ɗaya-ɗaya. "Ba" me take nufi? "Laifi" me yake nufi? Tafinta ya so ya ƙara bayani, lauyan ya ɗaga masa hannu ya ce kalmomin kawai ya tambaya. Sannan ya juyo kaina.

"Kin ce masa babu laifi, ko ba ki ce ba?"

"Na ce ba laifi."

"Kenan ko ƙarya kika yi masa, ko ƙarya kika yi wa hukuma. Wanne ne?"

Na ce, "Hukuma ce ta aike ni, ita na ba amsa, da awo da hoto da hatimi. Shi kuwa dattijo ne ya tambaye ni a gaban wadda ta kai shi ƙara, na ƙi in tozarta shi. Kuma ya gane abin da na ce sarai. In kana so ka sani, ka bar muryar ta ci gaba."

Ya ce sauran ba shi da alaƙa da maganar. Lauyar hukuma ta ce to ai ba abin tsoro kenan, a kunna. Mai sauraron ƙarar ya ce a kunna daga farko.

Aka ji sallama, aka ji gaisuwa, aka ji tambayarsa, aka ji "ba laifi" ɗina. Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa: "Ke dai ki rufa mini asiri."

Mai sauraron ƙarar ya dubi tafinta. Bawan Allah nan ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya dubi Baba, ya dubi tebur. Sannan ya faɗa da Turanci cewa dattijon yana roƙona ne in ɓoye abin kunyarsa kada mutane su sani. Lauyar hukuma ta tambaye shi, a matsayinsa na mai harshen, ko mutumin da aka yaba wa aikinsa yakan ba da irin wannan amsa. Ya ce a'a, wanda aka yaba wa godiya yake yi.

Ta juya ga Baba ta tambaye shi wane asiri yake so a rufa masa, in har ya fahimci cewa aikin ba shi da aibi. Lauyansa ya fara magana, Baba ya dafa hannunsa. Mutumin nan ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa a farkon zaman, kuma duk abin da ya yi, ba zai karya rantsuwa ba, wannan na shaide shi. Ya ce da Hausa, "Na san abin da take nufi tun ranar." Tafinta ya fassara.

Aka tambaye ni ko ina da abin ƙarawa. Na ce ina da shi, kuma da Hausa zan faɗa, tafinta ya juya musu. Na dubi Baba, wannan karon ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Baba, aikin nan bai yi ba. Ka cire bangon da ke riƙe da gidan mutane, ka sa abin da ba zai riƙe ba, kuma ka sani. Ranar ya kamata in gaya maka haka, kunya ta hana ni, wannan laifina ne. Amma rahotona ko wasali ɗaya ba zan janye ba."

Hukuncin ya fito bayan 'yan makonni. An ce na yi aikina da zuciya ɗaya, kariyar doka tana nan a kaina, ba mai kai ni ƙara, hatimina ba a taɓa shi ba. Lasisin Baba aka dakatar. Wani kamfani ya sa wa tsohuwar ƙarfe da ginshiƙai biyu har ƙasa, ni na je na duba. Ta sake ajiye lemo a ɗakin sama, ya zauna inda ta ajiye shi. Ta mayar da katifarta.

A cikin mutanenmu kuwa abin da na zata shi ya faru. Aka yi suna biyu da walima ɗaya ban ji ba sai bayan an watse. A filin Idi wasu mata suka riƙa gaishe ni sama-sama suna gyara mayafi suna wucewa. Na ji an ce wai boko ya cinye ni, wai na zama Baturiya. To, su faɗa. Da hukuma ta sake kirana wani aikin, maigidana ya ce ko zan huta tukuna, na ce hutun me? Na ɗauki tocilata da tef na tafi, kuma har na bar aikin sunana bai fita daga jerin nan ba. Abu ɗaya na canja: duk wanda ya tare ni a wurin aiki ya ce yaya na gani, sai in ce masa zai gani a rubuce, ko da kuwa da furfura har gira.

Hajiya ce kawai ban gani ba kusan shekara. Sai wata Asabar na shiga shagon kayan miyar Afirka a Silver Spring neman daddawa, na hango ta wajen buhunan gero, ta rame. Ban yi shawara da kowa ba, na je na durƙusa har ƙasa a tsakiyar shagon na gaishe ta. Ta amsa. Ta tambayi maigidana, ta tambayi yara, ta ce 'yar tata ta girma ko? Na ce ta girma, har ta fi ni tsawo. Na ce, "Hajiya, yaya gida? Yaya Baba?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, idon nan da ya gan ni a ranakun da ko tsayuwa ba na iya yi.

Ta ce, "To, ba laifi."

Ba na buƙatar tafinta. Na miƙe na karɓi kwandonta na kai mata har mota, ta bar ni na kai. Ta shiga ta rufe ƙofa, ni kuma na koma shagon na ɗauki daddawata.